Kwana huɗu a birnin Fitasbag na Rasha: me zan gani, kuma ta ina zan fara?

Tambaya: Na samu bizar Rasha, zan halarci wani taro a Mosko a ƙarshen watan Yuni. Bayan taron ina da kwana huɗu, kuma ina so in yi su a Fitasbag. Ban taɓa shiga ƙasar ba, ba na jin Rashanci. Waɗanne wurare ya kamata in gani, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Malam, abin da ke ɓata wa baƙo ziyara a wannan birni ba nisa ba ne, domin manyan wuraren tarihin suna kusa da juna, da ƙafa ma ana zagaya yawancinsu. Agogo da kalanda ne matsalar, sai kuma kuɗi. Kowane gidan tarihi da ranar da yake rufewa, gadoji na da lokacin da ake ɗage su, rana kuma a watan Yuni ba ta faɗuwa yadda ka saba. Wanda ya tsara kwanakinsa a kan waɗannan zai ga abin da mai mako guda bai gani ba.

Bari mu fara da kuɗin, tunda shi ne ba ya gyaruwa bayan an sauka. Tun watan Maris na 2022 katin Visa da Mastercard da aka bayar a wajen Rasha ba ya aiki a ƙasar, ko a na'urar cirar kuɗi, ko a kanti, ko a intanet. Sai ka shiga da tsabar dala ko yuro, ka canza su zuwa rubul a banki da fasfonka. Takardun su zama sababbi, ba yaga, ba tambari, ba rubutun biro, domin mai canji yana iya ƙin karɓar tsohuwar takarda ko ya karya mata farashi. Idan abin da ke hannunka ya haura kimanin dala 10,000, wajibi ne ka bayyana shi ga kwastan. Rashin katin yana da wata illa da ba a cika hangowa ba: gidajen tarihi da yawa suna sayar da tikiti ta intanet, kuma shafukansu katin bankin Rasha suke karɓa. Mafita biyu ce. Ko ka je tagar sayar da tikiti da sassafe da tsabar kuɗi, ko ka roƙi ma'aikacin otal ya saya maka da katinsa ka ba shi kuɗin a hannu. Ta biyun ta fi, musamman a Yuni da layi ke tsawo. Haka nan Booking da Airbnb sun daina aiki a Rasha, sai shafukan cikin gida irin su Ostrovok, kuma ka nemi masaukin da ya yarda a biya idan an iso.

Takardu kuwa uku ne ba sa rabuwa da aljihunka: fasfo, da ƙaramin katin shige da fice da za a ba ka a filin jirgi, da takardar rajistar da otal zai yi maka. Kowane otal ka sauka zai yi sabuwar rajista, saboda haka ta Mosko ba ta wadatar a Fitasbag. Katin shige da ficen ɗan siririn abu ne mai saurin ɓacewa, kuma ana nemansa ranar fita. 'Yan sanda na da ikon tsayar da mutum su duba takardu, kuma gaskiyar magana baƙar fata ya fi fuskantar haka, musamman a tashoshi. Ka miƙa takardunka cikin natsuwa, yawanci minti biyu ne a wuce wurin. Idan kana shan magani mai ɗauke da kodin ko tiramadol, kada ka shiga da shi sai da takardar likita da fassararta, ka kuma nuna shi ga kwastan, domin dokar Rasha tana ɗaukarsa da tsanani. Maganar yaƙin Yukiren kuma ka bar ta a gida, akwai dokoki tun 2022 da ke hukunta mai sukar soja. Kada ka ɗauki hoton barikin soja ko shingen jami'an tsaro.

Daga Mosko ka hau jirgin ƙasa mai gudu da ake kira Sapsan. Yana tashi daga tashar Leningradsky, ya cinye kimanin kilomita 650 cikin awa huɗu, ya sauke ka a tashar Moskovsky, wadda ke kan babban titin birnin, Nevsky. Ya fi jirgin sama sauƙi, domin filin jirgin Pulkovo yana wajen gari, kuma akan dakatar da tashin jirage na wasu awoyi saboda barazanar jirage marasa matuƙi. Da fasfo ake sayen tikiti, da shi ake shiga tarago. A allunan tasha za ka ga an rubuta Sankt-Peterburg da haruffan Rashanci, mutanen garin kuwa Piter kawai suke cewa.

Kafin ka bar gida ka sauke manhajar Yandex Go ta kiran tasi (a zaɓi biya da tsabar kuɗi), da taswirar Yandex ko 2GIS, ka ajiye taswirar birnin a cikin waya don ta yi aiki ba intanet. Sayen layin waya ya yi wa baƙo wuya tun farkon 2025, sai an yi rajistar da mai kwana huɗu ba zai iya bi ba. An toshe Facebook da Instagram, WhatsApp ma an taƙaita shi, don haka ka shirya da iyali tun a gida yadda za ku riƙa gaisawa.

To, yanzu batun masauki, wanda ya haɗu da batun gadoji. Sarki Bitrus Babba ne ya kafa birnin a 1703 a kan fadamar bakin kogin Neva, kuma har yau tsibirai ne da gadoji suka haɗa. Daga watan Afrilu zuwa Nuwamba ana ɗage manyan gadojin Neva da dare domin jiragen ruwa su wuce, daga wajen ƙarfe 1 zuwa kusan 5 na asuba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma yana rufewa jim kaɗan bayan tsakar dare. Kuskuren da baƙi ke maimaitawa shi ne su kama ɗaki a tsibirin Vasilyevsky ko ɓangaren Petrogradskaya saboda araha, su tsallako kallon ɗage gada, sai gadar da suke kallo ta zama ita ce hanyarsu ta komawa. Daga nan sai zaman jira har asuba, ko tasi ya yi dogon zagaye ta babbar hanyar biya da ke gefen teku, da kuɗi mai yawa. Ka kama masauki a gefen da Nevsky yake, tsakanin tashar Moskovsky da Fadar Hunturu, tsohuwar fadar sarakunan Rasha, ka kalli gadar Dvortsovy da ke kusa da fadar daga wannan gefen. Ka kuma tambayi otal ranar bikin ɗaliban da suka gama sakandare, wanda ake kira Alye Parusa, domin a ƙarshen Yuni ake yinsa, kuma ranar ana rufe tsakiyar gari.

Ƙarshen Yuni shi ne tsakiyar abin da suke kira fararen darare. Birnin yana can arewa sosai, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 10 da rabi na dare, ta fito wajen 3 da rabi, kuma tsakanin nan sama ba ta yin duhu, sai wani haske kamar na bayan magariba. Ga mai salla wannan babban lamari ne: shafaƙi ba ya ɓacewa, saboda haka manhajojin waya suna ba da lokutan isha da asuba masu saɓa wa juna. Ka bi jadawalin babban masallacin garin ka huta. Alƙibla kuma ba gabas take ba kamar yadda aka saba a Kano ko Damagaram. Daga Fitasbag kudu ake fuskanta, a ɗan karkata gabas kaɗan. Ka nemi ɗaki mai labule mai kauri, in ba haka ba barci zai gagare ka. Ka riƙe rigar sanyi mara nauyi da lema, domin iskar da ke tasowa daga teku tana juya yanayi cikin awa guda.

Ga ranakun rufewa, waɗanda a kansu za ka gina komai. Litinin gidan tarihi na Hermitage a rufe yake, haka Kunstkamera, gidan tarihin al'adun al'ummomi, da babbar fadar Peterhof da ke bayan gari. Talata Gidan Tarihin Rasha da fadar Katarina ne ke hutu. Laraba kuma majami'ar Isaac da majami'ar da ake kira Spas na Krovi. Akan sauya jadawali lokacin cunkoso, don haka ka sa otal ya tabbatar maka da daddare kafin gari ya waye.

Hermitage ya cancanci safiya guda cikakkiya, amma kada ka ba shi fiye da awa uku ko huɗu a shiga ɗaya. Sarauniya Katarina ta Biyu ce ta fara tara kayansa a 1764, yanzu sun haura miliyan uku, kuma babban gininsa shi ne Fadar Hunturu da aka gina tsakanin 1754 da 1762. Wanda ya shiga ba shiri yakan ƙare ƙarfinsa a ɗakunan farko, ya iso wurin manyan abubuwa ƙafa ta riga ta mutu. Tikitin na da lokacin shiga a rubuce, kada ka makara. Daga shiga za a sa ka ajiye babbar jaka da rigar sanyi a ma'ajiya, kyauta ne, a ba ka lamba. Ka karɓi taswirar ɗakuna, domin kowane ɗaki da lambarsa a saman ƙofa. Ka lura cewa Rashawa suna kiran ƙasan bene hawa na ɗaya, saboda haka abin da suka ce yana hawa na biyu, bene ɗaya kawai za ka hau. Ka hau ta babbar matakalar Jordan, ka ratsa zaurukan sarauta, ka nufi ɗaki na 204 inda agogon ɗawisu mai ruwan zinariya yake, sai 214 mai zanen Leonardo da Vinci guda biyu, sai 254 na Rembrandt. Abin da mutane ke wucewa ba su sani ba yana ƙasa: kayan da aka tono daga kaburburan Pazyryk a tsaunukan Altai, ciki har da dardumar da ta haura shekara dubu biyu, wadda ƙanƙara ta adana ta da launinta. A ganina wannan ɗakin ya fi rabin zaurukan zinariya daɗin kallo, kuma ba cunkoso. Zanen su Matisse da Picasso ba a fadar suke ba, suna ginin rawaya da ke fuskantarta a ɗaya gefen dandalin, da tikitinsa daban. Ginshiƙin da ke tsakiyar dandalin dutse ɗaya ne mai nauyin kusan tan 600, kuma nauyinsa kaɗai ke riƙe da shi tun 1832.

A dandalin nan da kewayen majami'u za ka haɗu da masu shigar Bitrus da Katarina, da masu riƙe da tantabaru. Za su matso da fara'a a ɗauki hoto, bayan an ɗauka su faɗi kuɗi mai tsada, wani lokaci a kan kowane hoto. In kana so, ku yi ciniki tukuna. In ba ka so, kada ka bari a ɗora maka tsuntsu a kafaɗa.

Idan Juma'a ta faɗo cikin kwanakinka, ka haɗa ganuwar Bitrus da Bulus da masallaci, domin tafiyar minti goma ce tsakaninsu, tashar Gorkovskaya ce ta kusa da duka biyun. Ganuwar ita ce tushen birnin. Shiga harabarta kyauta ne, majami'ar ciki da tsohon kurkuku ne ake biya. A majami'ar, mai tsinin hasumiya na mita 122 da rabi, aka binne yawancin sarakunan gidan Romanov daga Bitrus, har da Nikolai na Biyu da yawancin iyalinsa, waɗanda aka kashe a 1918 aka dawo da ƙasusuwansu nan a 1998. Kullum ƙarfe 12 na rana ana harba igwa daga saman ganuwar, kada ka firgita. Masallacin kuwa an aza harsashinsa a 1910, Sarkin Bukhara ya taimaka da kuɗin fili, kuma an kwaikwayi shuɗiyar ƙubbarsa daga hubbaren Timur da ke Samarkand. Gwamnatin Sobiyet ta rufe shi a 1940 ta mai da shi sito, aka sake buɗe shi a 1956. Yana ɗaukar mutum kusan 5,000, amma ranar Juma'a yana cika, ka je da wuri.

Majami'un nan biyu da ke rufewa Laraba gidajen tarihi ne a yau, da tikiti ake shiga. Spas na Krovi an gina ta daidai inda aka jefa wa Sarki Aleksandar na Biyu bam a 1881, kuma bangonta na ciki duka ƙananan gilasai ne masu launi da aka jera suka zama hotuna, fiye da murabba'in mita 7,000. Minti arba'in ya isa. A Isaac, abin zuwa shi ne hawa zagayen ƙubba, matakala 262, da tikiti daban, daga nan ake ganin fasalin birnin gaba ɗaya. Majami'ar Kazan da ke kan Nevsky kuwa wurin ibada ce mai aiki, shiga kyauta. A irin wannan wuri namiji yana cire hula, mace tana rufe kai. Wanda hula ta zame masa jiki yakan manta, sai wata tsohuwa ta tuna masa da hannu.

Tafiyar bayan gari ɗaya za ka iya yi ba tare da ka wahalar da kanka ba, kuma a Yuni Peterhof zan zaɓa maka. Tana kimanin kilomita 30 yamma da birnin, a bakin teku. Abin kallo shi ne lambun ƙasa da maɓulɓulan ruwansa, waɗanda ke aiki daga bazara zuwa tsakiyar Oktoba. Ba inji ko ɗaya da ke tura ruwan. Daga tuddan Ropsha yake gangarowa ta magudanai zuwa tafkunan lambun sama, bambancin tsawo kaɗai ke cilla shi kusan mita 20 a maɓulɓular Samson. Wajen ƙarfe 11 na safe ake buɗe babbar magangara da kiɗa, ka kasance a wurin kafin lokacin. Tunda lambun a buɗe yake kullum, Litinin ta dace da shi, asarar cikin fadar ba ta da yawa ga wanda ya ga Hermitage. Hanya mafi daɗi ita ce jirgin ruwa mai gudu, Meteor, daga bakin kogi kusa da Fadar Hunturu, minti 30 zuwa 40. Amma ga tarkon: jirgin yana sauke ka cikin lambun ƙasa, tikitin lambun kuma na shiga ɗaya ne. Idan ka fita zuwa lambun sama ko neman abinci a gari, sai ka sayi wani kafin ka koma wurin jirgi. Saboda haka ka je ta ruwa, ka gama da lambun ƙasa, ka fita ta sama, ka dawo ta bas zuwa tashar Avtovo ko ta jirgin ƙasa zuwa tashar Baltiysky. Idan iska ta yi ƙarfi ana soke Meteor. Baƙo yana biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa a nan, ba cuta ba ce, tsari ne.

Fadar Katarina da ke garin Pushkin, kilomita 25 kudu, ita ce mai ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da daskararren ƙaron itace mai ruwan zuma. Sojojin Jamus sun kwashe na asali a 1941, ba a sake ganinsa ba, wanda ke nan sabo ne da aka kammala a 2003. Layinta a Yuni na iya cin awoyi, a bar ka 'yan mintoci a ɗakin. Sai in kwana ya ragu.

Akwai abu biyu da za su yi wa Bahaushe ma'ana ta daban. Mawaƙi Pushkin, wanda aka sa wa garin sunansa, kakan mahaifiyarsa baƙar fata ne, Abram Gannibal, da aka kai wa Bitrus yana yaro ya girma ya zama janar. Wani bincike na baya-bayan nan ya danganta asalinsa da Logone-Birni, kusa da Tafkin Chadi a Kamaru ta yau, ko da yake an daɗe ana cewa daga Habasha yake. Gidan da Pushkin ya rasu a 1837 yana lamba 12 a bakin kogin Moika, bayan dandalin fada. Sannan a tsallaken Neva, a jami'ar birnin, an daɗe ana koyar da Hausa, kuma Dmitri Olderogge, wanda ya jagoranci ƙamus na Hausa da Rashanci a 1963, ya yi aiki a Kunstkamera da ke kusa da ita, inda akwai zauren kayan Afirka.

Kada kyan fadoji ya sa ka manta cewa wannan birni, lokacin yana Leningrad, ya sha ƙawanyar sojojin Jamus ta kwana 872, daga Satumba 1941 zuwa Janairu 1944, har rabon burodi ya sauka zuwa giram 125 a rana ga mafi yawan mutane. A bangon gida mai lamba 14 a Nevsky an sake rubuta gargaɗin lokacin, mai cewa wannan gefen titin ya fi haɗari idan ana ruwan igwa, kuma har yau ana ajiye furanni a ƙarƙashinsa. Maƙabartar Piskaryovskoye, inda aka binne kusan mutum rabin miliyan a manyan ramuka, tana arewacin gari. Mutanen birnin ba sa wasa da wannan tarihi, kai ma kada ka yi.

Zirga-zirga a cikin gari ba wuya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuɗi ɗaya ne ko ina za ka, ana sayen kwabon shiga ko katin Podorozhnik a taga da tsabar kuɗi, kuma an rubuta sunayen tashoshi da haruffan boko. Tashoshin suna da zurfi saboda fadama, Admiralteyskaya ta kai mita 86, don haka ka ƙara minti biyar na matakala mai tafiya a kowane lissafi. A tsaya dama, a bar hagu ga masu sauri. Ka kula da aljihu a nan da kan Nevsky.

Abinci kuma, kalmomi biyar sun ishe ka: svinina alade, govyadina naman sa, baranina rago, kuritsa kaza, ryba kifi. Ka haddace siffar ta farkon a rubuce, свинина, domin ita za ka nema a kan kwali. Ƙullin nama da ake kira pelmeni yawanci gauraye ne da alade, miyar solyanka ma haka, salo kuwa kitsen alade ne zalla. Gidajen abincin Uzbekawa, da ake kira chaikhana, suna ko'ina, suna dafa shinkafa da rago, da yawansu suna da alamar халяль a ƙofa, amma ka tambaya, ba duka ba ne. Wurin cin abinci mai araha shi ne stolovaya, inda ake ɗaukar tire a nuna abin da ake so da yatsa, ba sai an yi magana ba. Ruwan famfo kada a sha sai an tafasa, na roba ya fi. Wajen tsaraba, ka tsaya kan sababbin kaya ka riƙe rasiti. Tsofaffin kuɗaɗe, lambobin yabo na soja, littattafai da hotunan coci na dā ba sa fita ƙasar sai da izinin hukumar al'adu, kuma a filin jirgi ake ƙwace su.